Idan Mura Ta Ɓarke A Gari: Yadda Asibitin Ƙaramar Hukuma Zai Tare Ta

Rajistar masu yankar kati ce ke fara tona asirin ɓarkewar mura. A ce asibiti ya saba ganin masu tari da zazzaɓi 15 a rana, sai a wayi gari an ga 40, gobe 55, kuma da yawansu daga unguwa ɗaya suke, ko makarantar kwana ɗaya, ko tsangaya ɗaya. Wata alamar kuma daga cikin gida take fitowa: ma'aikatan jinya biyu ko uku su kwanta a mako guda, ko mutum biyu a ɗakin kwanciya ɗaya su fara tari da zazzaɓi cikin kwana 3 alhali ba shi ya kawo su ba. Duk wanda ya tsaya jiran sakamakon gwaji kafin ya motsa, ya makara, domin cutar tana ɗaukar kwana 1 zuwa 4 ne kawai kafin ta bayyana, kuma mutum yana fara yaɗa ta tun kwana guda kafin shi kansa ya ji ba daidai ba.

Murar da ake nufi a nan ita ce infuluwenza, wadda ƙwayar bairos nau'in A ko B ke haddasawa. Ta sha bamban da ɗan toshewar hancin da kowa ke yi da hunturu. Tana kayar da mutum farat ɗaya, da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar lalata numfashi.

Ranar farko: a yi magana da murya ɗaya

Shugaban asibiti ya tara mutum biyar ko shida: likita, shugabar ma'aikatan jinya, mai kula da magunguna, mai ɗakin gwaji, mai ajiye bayanai da shugaban masu shara. A naɗa mutum ɗaya mai yanke hukunci, a sa lokacin zama na minti 15 kowace safiya a tsaye. Zaman da aka kawo kujeru da lemo, awa biyu zai ci.

Abu na farko da za a amince a kansa shi ne wa za a ƙirga a matsayin mai cutar. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a sauƙaƙe yake: zafin jiki digiri 38 ko sama, da tari, kuma abin ya fara cikin kwana 10 da suka wuce. Idan ya kai ga sai an ba shi gado, ya shiga rukunin masu tsanani. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a manna a kowane ɗakin ganin likita, in ba haka ba kowa zai ƙirga da nasa ma'auni, alƙaluman su tashi a banza.

Sai a buɗe takardar jeri, layi ɗaya ga mutum ɗaya: shekaru, jinsi, unguwa, ranar da ciwon ya fara, ko tana da ciki, ko akwai wata tsohuwar cuta, ko ya taɓa kaji marasa lafiya, ko ya dawo daga tafiya, an kwantar ko an sallama, ya warke ko ya rasu. Ranar fara ciwo ta fi ranar zuwa asibiti muhimmanci, ita ce ke nuna ko cutar hawa take yi ko sauka. A ranar ce kuma za a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi zai kai wa jiha, jiha ta kai wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya.

Ba duk tari da zazzaɓi ne mura ba

A nan ne asibitocinmu suka fi tuntuɓe. Da zarar an ce "mura ce ke yawo", sai ido ya rufe. Amma lokacin sanyi da ƙura shi ne kuma lokacin wasu cututtukan da suka fi ta saurin kisa, kuma farkonsu duka iri ɗaya ne.

A haska maƙogwaron kowane yaro da tocila. Farar fata ko mai ruwan toka da ta manne a ciki, da kumburin wuya, mashaƙo ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kada a kankare fatar. Cutar mashaƙo ta yi ɓarna sosai a Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022. A lanƙwasa wuya a duba sanƙarau, a taɓa maɗigar jariri. Jan ido da ƙurajen da suka faro daga bayan kunne, ƙyanda ce. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, a tuna da zazzaɓin Lassa a kira jiha nan take. Tarin da ya kai mako 2, a tura kaki gwajin tarin fuka. Gwajin maleriya kuwa a yi wa kowa, amma fitowarsa ba ta wanke mutum daga mura ba, ana samun biyun a jiki ɗaya.

Tambayoyi biyu ba a tsallake su. Na farko: kun yi asarar kaji a gida, ko kana aiki a gonar kaji, ko fige kaji a kasuwa? Murar tsuntsaye H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a jihar Kaduna a farkon 2006, ta ɓulla a Magariya ta jihar Damagaram a shekarar, kuma an tabbatar ta kashe mutum a Legas a 2007. Wanda ya taɓa matattun kaji cikin kwana 10 kafin ciwonsa, ɗakinsa daban, rahotonsa na gaggawa ne, kuma a sanar da ofishin likitan dabbobi. Na biyu: ka dawo daga Hajji ko Umara cikin mako 2? Tarin alhazai yawanci mura ce ta yau da kullum, amma akwai MERS, wata muguwar cutar numfashi da aka gano a Saudiyya a 2012.

Samfurin gwaji ba sai an ɗauki na kowa ba. Mutum 5 zuwa 10 daga waɗanda ciwonsu bai wuce kwana 3 ko 4 ba sun isa a gane abin da ke yawo. A yi amfani da tsinken gwaji mai sandar roba, a shiga can bayan hanci da maƙogwaro, a jefa cikin ruwan adana bairos, a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 72. Tsinken auduga mai sandar katako yana ɓata gwajin, haka ma daskarar da samfur a firizar gida. A Nijeriya babban ɗakin gwajin NCDC yana Gaduwa a Abuja, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma yana cikin cibiyoyin sa ido kan mura. A Nijar cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ce. Gwajin nan-take na mura, idan akwai shi, yana kuskure masu cutar da yawa, don haka idan ya ce babu, ba hujja ba ce ta mayar da mutum cikin jama'a.

Ƙofa

A ajiye tebur a bakin get, a ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya, da ma'aikaci ɗaya sanye da takunkumi. Tambayarsa ɗaya: tari ko zazzaɓi? Duk wanda ya ce e, a miƙa masa takunkumi, a nuna masa wurin wanke hannu, a bi da shi wata hanya daban zuwa wurin jira na musamman. Wurin ya kasance a fili inda iska ke kaɗawa, a yi wa benci alama da fenti, tazarar mita 1 aƙalla tsakanin mutum da mutum. Kati da biyan kuɗi da karɓar magani duk a kawo musu nan. Idan aka raba su a ƙofa sannan suka je suka cakuɗu da masu awon ciki a layin kantin magani, an yi aikin baban giwa.

A wurin jiran, ma'aikaciyar jinya ta bi layi da ma'aunin zafi, da agogo, da ɗan abin auna iska da ake maƙalawa a yatsa. Numfashi ana ƙirga shi minti guda cur, yaro yana natse. Ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Babba da ya haura 30 yana cikin haɗari. Wanda iskarsa ta gaza kashi 90, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya ruɗe, ko yaron da ya kasa kama nono, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ba ya jiran layi.

Abin auna iskar yana da nasa ruɗin. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle suna hana shi karatu daidai, kuma a fata mai duhu yakan ɗan ƙara lamba sama da gaskiya. A murza hannun ya yi ɗumi, a sauya yatsa, a jira lambar ta tsaya. Idan na'ura ta ce 93 amma mutum yana haki ba ya iya ƙarasa jimla, a yarda da ido.

Rukuni na biyu su ne waɗanda a ido ba su jigata ba amma cutar ta fi kayarwa: masu ciki da masu jego na mako 2 na farko, yara 'yan ƙasa da shekara 5 musamman 'yan ƙasa da 2, tsofaffi daga 65, masu sikila, asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko ƙoda, masu cutar ƙanjamau, da yara masu tamowa. Likita ya gan su da kansa. Mai sikila da ya zo da zazzaɓi da ciwon ƙirji, a ba shi gado.

Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, gida za su koma da farasitamol (babba kada ya wuce giram 4 a rana, yaro miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo duk awa 6), da shan ruwa, da hutu. Kada a ba yaro asfirin, yana iya jawo cutar Reye mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kuma a gaya wa uwa ta guji ƙullin magungunan da ake haɗawa a kemis tunda ba ta san abin da ke ciki ba. A faɗa mata alamomin dawowa da baki, ta maimaita. Mafi muhimmanci: ya fara samun sauƙi, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi da tari mai kaki. Wannan limoniya ce ta hau bayan mura.

Ɗakin kwanciya

A kwashe ɗaki guda, wanda ya fi tagogi masu fuskantar juna kuma ya fi nisa da ɗakin haihuwa da na jarirai, a mayar da shi na masu mura, maza da mata a raba. Tazarar gado da gado mita 1 aƙalla. Ma'aikatansa su zama nasa kaɗai, haka ma'aunin zafi, abin awon jini da na sauraron ƙirji. Mutum yana zama a keɓe kwana 7 daga fara ciwo, ko awa 24 bayan zazzaɓi ya sauka, duk wanda ya fi tsawo. Ayyukan tiyata da za su iya jira a ɗaga su, masu sauƙi a sallame su, gadaje su samu.

Rigimar taga kuwa kullum sai an yi ta. Da sanyin asuba masu jinya za su rufe ko'ina, wani ma ya shigo da kaskon gawayi. A tanadi barguna, a bar tagogi a buɗe, gawayi kuma haramun ne a ɗakin da ake ba da oksijin, ban da hayaƙinsa mai kisa. Maganin sauro na kunnawa ma haka.

Dubiya ibada ce, kuma ba a hana ta da tsawa. A bar mai jinya ɗaya ga kowane gado, da takunkuminsa, ba mai ciki ba, ba tsohuwa ba, ba mai goyo ba. Sauran dangi su tsaya a waje su gaisa ta taga ko ta waya. Idan limamin unguwa ya faɗi wannan bayan sallah, mai gadi zai huta da rabin faɗan.

Takunkumin tiyata ya isa ga aikin yau da kullum kusa da mara lafiya. Takunkumin N95 mai tace iska da gilashin kare ido a ajiye su don zuƙe majina, saka bututun numfashi da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Lissafin kaya kuwa a yi shi da biro: ma'aikata 30, kowa takunkumi 4 a rana, 120 ke nan, masu tari 100, ya zama 220, na mako 2 ya kama 3,080, kusan kwali 62 masu ɗauke da 50. Safar hannu ana sauya ta tsakanin gado da gado, wadda aka yi yawo da ita duk ɗaki ta fi hannu tsirara yaɗa cuta. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu mai alkohol 20 zuwa 30. Inda famfo ba ya kawo ruwa, bokiti mai kan famfo a bakin kowane ɗaki, da wanda aka ɗora wa alhakin cika shi.

Ƙarfen gado, mariƙin ƙofa, tebur da bayan gida a goge su sau 2 a rana, da sabulu tukuna sannan ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1. Idan bilic ɗin mai kashi 3.5 ne, awo 1 a cikin awo 34 na ruwa. Don jini ko amai, awo 1 cikin 6. A haɗa sabo kowace safiya, a rufe, a kawar da shi daga rana. Shara da busasshiyar tsintsiya a daina, a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma.

Oksijin: a nan ake rasa rai ko a cece shi

Ana fara ba da iska idan awo ya gaza kashi 90. Mai ciki ana so ta tsaya 92 zuwa 95. Ta bututun hanci, jariri sabon haihuwa lita 0.5 zuwa 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara 1 lita 1 zuwa 2, yaro babba har 4, baligi har 5. Idan bai isa ba a koma abin rufe fuska a lita 5 zuwa 10, sannan mai jaka a 10 zuwa 15. Abin rufe fuska a ƙasa da lita 5 illa yake yi, mutum yana sake shaƙar numfashin da ya fitar. Yaron da majina ta toshe wa hanci kuwa, sai an share ta kafin iska ta shiga.

Babbar tukunyar oksijin tana ɗaukar kimanin lita 6,800. Mutum ɗaya a lita 5 zai shanye ta cikin awa 22. Mutum 6 a lita 5 suna cin lita 43,200 a rana, tukunya 7 ke nan. Mutum ɗaya tak a lita 15 yana cin fiye da 3. Wanda bai yi wannan lissafin ranar Alhamis ba, zai yi shi ƙarfe biyun daren Asabar, lokacin da mai cika tukunya ya kashe waya. A rubuta awon kowace tukunya a kowane canjin aiki: idan allura tana rabi, saura lita 3,400, a lita 10 ba ta kai awa 6 ba. A ɗaure tukwane da sarƙa a bango, kada mai ko man shafawa ya taɓa bakinsu, kuma a saurari yoyo, don wani lokaci rabin iskar ɗaki take sha.

Na'urar tace oksijin mai lita 5 ko 10 ita ce jakin aiki, muddin akwai wuta. A haɗa ta da layin sola ko janareta, a ajiye tukunya cike a gefenta don lokacin ɗauke wuta. A janye ta daga bango kamar kamu ɗaya da rabi. Soson da ke bayanta a ƙa'ida duk mako ake wankewa, amma da ƙurar hunturu sai an duba shi kullum, a shanya shi ya bushe sarai kafin a mayar. Idan fitilar gargaɗi ta kama, ƙarfin iskar ya faɗi ƙasa da kashi 82, kumfa a kwalbar ruwa ba shaida ba ce cewa oksijin ke fita.

Kowace safiya a gwada cire wa masu sauƙi iska na minti 15 ana aunawa. Wanda ya tsaya 90 ko sama, an samu tukunyar wani. Yaro ba a sallamarsa sai ya yi awa 24 a haka. Wanda kuma yake lita 10 zuwa 15 bai kai 90 ba, a kira babban asibiti tun kafin a tada mota, a tabbatar akwai gado, a lissafa iskar hanya a ninka ta biyu.

Magani

Oseltamivir, maganin bairos na mura, ya fi aiki cikin awa 48 na farko, amma wanda aka kwantar ana ba shi ko ya wuce haka, ba tare da jiran gwaji ba. Babba miligiram 75 sau 2 a rana, kwana 5, ƙwaya 10 ke nan. Yaro ɗan shekara 1 zuwa sama, shi ma sau 2 a rana: kilo 15 ko ƙasa, miligiram 30; sama da 15 zuwa 23, 45; sama da 23 zuwa 40, 60; sama da 40, na babba. Ɗan ƙasa da shekara 1, miligiram 3 kan kowane kilo sau 2 a rana. Mai ciwon ƙoda a rage masa. Idan babu na ruwa, a buɗe kafso mai 75 a dama cikin mililita 5 na ruwa mai tsabta, kowace mililita ta zama miligiram 15, a ja 2, 3 ko 4 da sirinji, a haɗa da ɗan abu mai zaƙi saboda ɗaci, a zubar da saura. Da abinci yana rage amai. Maganin ba ya wadata, don haka na kwance su ne gaba, sai masu ciki da sauran masu rauni bisa ganin likita.

Maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa mura, kuma raba shi ga duk mai tari yana ƙarar da na masu limoniya. Yaro mai saurin numfashi ko lotsawar haƙarƙari, amoxicillin miligiram 40 kan kilo sau 2 a rana, kwana 5. Mai alamun haɗari, allurar ampicillin 50 kan kilo duk awa 6 da gentamicin 7.5 kan kilo sau 1 a rana, ko ceftriaxone. Wanda bai ji sauƙi ba cikin awa 48, a yi tunanin ƙwayar bakteriya ta Staphylococcus ko ruwa a ƙirji.

Abubuwa biyu suna cutarwa da sunan taimako. Dexamethasone, wanda aka saba da shi tun zamanin korona, ba a ba da shi don mura kawai, sai in akwai dalili daban kamar tashin asma. Sai ƙarin ruwa: dangi suna ganin in ba a rataya leda ba, ba a yi komai ba, amma ruwan da ya wuce kima cikin huhu yake taruwa. Mai iya sha, ya sha da baki.

Ma'aikata da gari

A tsara jadawalin aiki da zaton cewa wasu za su kwanta. Kowa a auna zafinsa kafin ya kama aiki. Mai zazzaɓi ya koma gida har sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da farasitamol ba, kuma kada a yanke masa ko kwabo, in ba haka ba zai haɗiyi ƙwaya ya shigo ɗakin jarirai. Ma'aikaciya mai ciki a ɗauke ta daga ɗakin mura. Masu shara, masu wanki da masu tura gado su ake mantawa wajen rabon takunkumi, alhali su suka fi taɓa ƙazanta. Rigakafin mura ba ya cikin jerin alluran yara na yau da kullum a Nijeriya. Idan an samu, ma'aikata da masu ciki ne farko, kuma sai ya yi mako 2 kafin ya fara kariya.

Saƙon gari ya zama gajere, ya bi ta hakimi, masu unguwanni, limamai da rediyo: mai sauƙi ya zauna gida, ga alamomin da za a garzayo da su, yaro mai zazzaɓi kada ya je boko ko Islamiyya. Masu kemis a kira su zama guda, su ne ke fara ganin marasa lafiya. Idan makarantar kwana ce tushen abin, a tura ma'aikata biyu can su ware ɗaki, ya fi a sallami ɗalibai su kai cutar ƙauyuka goma.

Ana sassauta matakai idan jadawalin ranar fara ciwo ya sauka mako 2 a jere, kuma an yi kwana 7 babu wanda ya kamu a cikin asibiti. A rufe ɗakin mura a wanke shi, amma teburin ƙofa ya ƙara mako guda. A zauna a bi takardar duk wanda ya rasu: ranar da ya fara ciwo, ranar da ya zo, awa nawa kafin a sa masa iska. Sannan a cika tukwane, a kai na'urorin da suka kunna fitilar gargaɗi gyara, a mayar da takunkumi da bilic na mako 2 cikin sito, a rubuta ranar lalacewar kowane kwali a jikinsa.